Daga Mosko Zuwa Jabo: Rayuwar Jagoran Kasuwancin Kawo-Mutum

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

 Gaisuwa ta musamman ga mutanen Jabo da Kagara, da na Dogon Daji da Sanyinna da cikin garin Tambuwal, har zuwa Kebbe da Kuchi da Girkau. Manoman da suka dawo daga fadama, da 'yan kasuwa, da iyayenmu mata da suka jingine rediyo a gefen murhu, kowa ya gyara zama, don zancen yau na aljihu ne.

Tarihin mutum guda za mu ɗauka, mu bi shi tun daga haihuwa har kabari. Sunansa Sergei Mavrodi, mutumin Rasha, wanda ya kafa MMM. Wani zai ce ina ruwan mutumin Jabo da Baturen Rasha? Ruwan shi ne, sana'ar da mutumin nan ya yi suna da ita ba ta bi shi kabari ba. Tana nan cikin wayoyin 'ya'yanmu, suna kawai take canzawa: ka biya kuɗin rijista, ka kawo mutum, wanda ka kawo ya kawo wani, a riƙa yaga maka kaso. Matasa na ce mata netwok, mu kuma a shirin nan za mu ce kasuwancin kawo-mutum. A kowane gari da ta shiga akwai wanda ake kira lida, ɗan gari ne, mun san ubansa, mun san gidansu. Shi ne a ƙarshe nake son mu duba, amma bari mu fara da uban tafiyar.

An haifi Mavrodi a birnin Mosko ranar 11 ga Agusta, 1955, zamanin Tarayyar Sobiyet, lokacin da gwamnati ce ke da masana'anta, ita ke da kanti, mutum bai isa ya buɗe kasuwancin kansa ba. Yaro ne mai kai, kuma lissafi ya karanta a babbar makaranta. Ku riƙe wannan da kyau. Duk abin da ya aikata daga baya, ya san inda lissafinsa zai tsaya tun kafin ya fara. A 1983 hukuma ta taɓa tsare shi na 'yan kwanaki saboda sayar da kaset-kaset ta bayan fage. Da aka sassauta dokokin kasuwanci, a 1989 shi da ɗan'uwansa Vyacheslav da wata mata mai suna Olga Melnikova suka kafa kamfanin MMM. Da farko sana'ar halal suke yi, suna shigo da kwamfutoci da kayan ofis suna sayarwa.

Sai Sobiyet ta wargaje a ƙarshen 1991. A shekarar 1992 kaɗai farashin kaya a Rasha ya ninka fiye da sau 20. Tsohon da ya kwashe rayuwarsa yana tara kuɗi a banki ya wayi gari abin da ya tara bai kai cefane ba. Mutane suka shiga neman inda za su ajiye ɗan abin da ya rage musu ya riƙa haihuwa. A cikin wannan ruɗani ne, a watan Fabrairun 1994, Mavrodi ya fara sayar wa jama'a takardun hannun jarin MMM. Shi ke yanka farashin takardar da kansa, ya sanar cewa yau ta kai kaza, mako mai zuwa za ta kai kaza. Wanda ya saya a baya ya maido takardarsa, sai a biya shi da kuɗin waɗanda suka saya yau. Babu gona, babu masana'anta, babu wani fatauci da ke haifar da ribar. Da takardun hannun jarin suka yi kaɗan, sai ya buga wasu tikiti masu kama da takardar kuɗi, da hoton fuskarsa a jiki.

Inda mutumin nan ya nuna gwaninta shi ne talla. Bai ɗauko attajiri ya sa a talabijin ba. Ya ƙirƙiro wani talaka mai suna Lyonya Golubkov, direban motar haƙa ƙasa, wanda ya sayi takardar MMM, ya saya wa matarsa takalmi, da aka jima ya saya mata rigar sanyi mai tsada. Duk gidan da aka kunna talabijin sai matar gida ta dubi mijinta. Miliyoyin mutane suka bi layi. Ana ba da labarin cewa a babban ofishin kamfanin an kai matsayin da aka daina ƙirga kuɗi, sai dai a ce ɗaki kaza ya cika.

Wata shida abin ya yi. A ƙarshen Yulin 1994 takardar da ake saye sama da rubul dubu 100 ta faɗo zuwa dubu 1. A farkon Agusta aka kama Mavrodi bisa zargin ƙin biyan haraji. To, jama'a, ga inda abin yake da ban mamaki. Mutanen da ya cinye wa kuɗi ne suka fito kan titi suna neman a sake shi, don ya gamsar da su cewa gwamnati ce ta ɓata tafiyar. Yana tsare ya shiga takarar majalisar dokokin Rasha, kuma a watan Oktoban 1994 ya ci, ya samu rigar kariya. Majalisar ta kore shi bayan shekara guda. A 1997 kotu ta ayyana MMM a matsayin kamfanin da ya karye, shi kuma ya ɓuya. Sai a farkon 2003 aka kamo shi a wani gidan haya a cikin Moskon. A watan Afrilun 2007 aka yanke masa ɗaurin shekara huɗu da rabi, amma da yake ya riga ya cinye kusan duka a tsare, bai ƙara cikakken wata ba ya fito.

Wanda ya sha ɗauri irin wannan, a ce ya tuba ko? A 2011 ya dawo da sabuwar MMM, wannan karon ta intanet. Ya ma daina ɓoye-ɓoye, ya riƙa faɗi da bakinsa cewa tsarin dala ne, wato wanda ake biyan na sama da kuɗin na ƙasa. Da kasuwarsa ta mutu a gida, sai ya waiwayi ƙasashen da talauci ya yi wa katutu, irin su Indiya da Afirka ta Kudu da Zimbabuwe, da kuma mu.

A ƙarshen 2015 MMM ta shigo Najeriya, ta yi ƙarfi a 2016. Duk mai wayo ya tuna wannan shekara. Farashin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, naira ta karye, tattalin arziki ya shiga mawuyacin hali, jihohi da yawa sun kasa biyan albashi, buhun shinkafa ya gagari talaka. Irin yanayin da ya samu a Rasha a 1994, shi ya tarar a nan. Alkawarin kuwa shi ne ribar kashi 30 cikin 100 a kwana 30. Ba a ce maka ka zuba jari, sai a ce ka ba da taimako, bayan wata guda kai ma ka nemi taimako. Za a turo maka lambar asusun wani mutum da ba ka taɓa gani ba, ka tura masa kuɗi, sai a rubuta maka wasu lambobi a shafinka da ake kira mavro. In ka kawo sabon mutum kana da kashi 10 cikin 100 na abin da ya zuba. In ka tara mutane ka zama jagora, kana da kaso daga mutanenka, da mutanen mutanenka, har ƙasa. Wanda ya ɗauki bidiyon kansa yana godiya cewa an biya shi, ana ƙara masa wani abu. Kun ga ashe Lyonya Golubkov ya dawo, sai dai yanzu maƙwabcinka ne, ba ɗan wasan talabijin ba.

Masu tallata ta a arewa suka riƙa cewa ai adashe ne na zamani. Iyayenmu mata, ku ne malaman adashe, ku yanke hukunci. Mata goma suna zuba dubu biyar-biyar, kowane zagaye mace ɗaya ta kwashi dubu 50. In an zagayo an gama, kowa ta karɓi daidai abin da ta zuba, ba ƙari ba ragi, kuma an san uwar adashe, an san ɗakinta. Adashe ba ya haihuwa. To wannan da ake cewa ka zuba dubu 100 ka kwashi dubu 130, daga aljihun wa dubu 30 ɗin ta fito? Daga aljihun wanda ya shigo bayanka. Kuma a wannan lissafi, dubu 100 da aka bari tana juyawa wata 12 za ta haura naira miliyan 2 da dubu 300. Duk wanda ya taɓa kiwon rago ko ajiyar wake ya jira farashi, ya san babu sana'ar da ke yin haka.

Babban Bankin Najeriya ya yi gargaɗi, hukumar kula da hada-hadar hannun jari, wato SEC, ta yi gargaɗi, majalisar wakilai ta yi magana. Mavrodi ya mayar da martani da buɗaɗɗiyar wasiƙa, mabiyansa kuma suka ce hassada ce. Ranar 13 ga Disamba, 2016, aka wayi gari an daskarar da asusun kowa, wai na wata guda. An buɗe a watan Janairu, amma akasarin masu jiran kuɗi har yau jira suke. A 2017 hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, ta ƙiyasta cewa 'yan Najeriya kusan miliyan 3 sun yi asarar kimanin naira biliyan 18. Shi kuwa Mavrodi, ranar 26 ga Maris, 2018, ciwon zuciya ya kashe shi a wani asibiti a Mosko, yana da shekara 62.

(GAJEREN KIƊA)

Masu sauraro, har yanzu kuna tare da shirinmu na faɗakarwa, kuma muna magana ne a kan kasuwancin kawo-mutum da jagororinsa.

Wanda ke da takarda da biro ya ɗauko, wanda ba shi da su ya share ƙasa ya zana. A ce an gaya maka mutum biyar kawai za ka kawo, kowannensu ya kawo biyar. Hawa na farko mutum 5. Na biyu 25. Na uku 125. Na huɗu 625. Na biyar 3,125. Kafin ka kai nan, ina jin duk wani mai kuɗin rijista a Jabo da ƙauyukanta ya riga ya shiga ko ya ƙi. Hawa na takwas yana buƙatar mutum 390,625. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Tambuwal tana da mutum kusan dubu 225, Kebbe kusan dubu 125. Ko an haɗa su duka, da jarirai da tsofaffi, ba su cika wannan hawa ɗaya ba. Hawa na 12 kuwa yana neman sama da mutum miliyan 244, wato ya zarce duk jama'ar Najeriya. Kuma a kowane lokaci aka tsaya aka ƙirga, kusan mutum huɗu cikin kowane biyar suna hawan ƙarshe ne, waɗanda suka biya amma ba su samu wanda za su kawo ba. Rashin ƙoƙarinsu ba shi ya jawo ba. Haka aka gina abin.

Na san akwai wanda ke sauraro yanzu yana cewa, Malam, ai namu ba irin MMM ba ne, mu muna da kaya. Muna da sabulu, da man goge baki, da shayi, da ƙwayoyin ƙarin lafiya. Gaskiya ne akwai bambanci, kuma ba za mu yi musu kuɗin goro ba. Wannan reshe shi ma yana da nasa tarihin. A Amurka ya taso. A 1945 wani kamfanin ƙwayoyin ƙarin lafiya mai suna Nutrilite ya fara tsarin biyan mai talla kaso daga cinikin waɗanda ya jawo. Wasu abokai biyu 'yan jihar Mishigan, Richard DeVos da Jay Van Andel, suka shiga tallar kayan a 1949, suka ƙware, sannan a 1959 suka kafa nasu kamfanin, Amway, suka fara da sabulun ruwa. Gwamnatin Amurka ta tuhume su, amma a 1979 hukumar kula da cinikayya ta ƙasar ta yanke cewa Amway ba haramtaccen tsarin dala ba ne, saboda yana da ƙa'idojin da ke tilasta wa mai talla ya sayar wa mutanen waje, kuma kamfanin yana karɓar kayan da suka yi kwantai. Ta wannan ƙofa ce ɗaruruwan kamfanoni suka biyo, daga Amurka da Sin da Filifin da Maleshiya, har suka iso kasuwanninmu. DeVos ya mutu a shekarar da Mavrodi ya mutu, 2018, yana da shekara 92, hamshaƙin biloniya, mai ƙungiyar ƙwallon kwando ta kansa.

Wanda ya kafa kamfani ke nan. Na ƙasa fa? A can Amurkar, wani bincike da gidauniyar AARP ta fitar a 2018 ya nuna kusan rabin waɗanda suka shiga irin wannan kasuwanci asara suka yi, sama da kashi ɗaya cikin huɗu kuma ba riba ba faɗuwa. A 2016 kamfanin Herbalife ya amince ya biya dala miliyan 200 tare da sake tsarin biyansa, bayan hukuma ta zarge shi da yaudarar mutane kan abin da za su samu. Ƙasar Sin, wadda da yawan kayan nan daga can suke fitowa, ta hana wannan ciniki gaba ɗaya a 1998, kuma da ta sassauta a 2005 ba ta halatta biyan kaso hawa-hawa ba. Abin da ba su yarda a yi wa mutanensu ba, shi ake kawo mana a kwali.

Yanzu mu dawo gida, mu dubi yadda ake zama lida. Ba sunan kowa zan kama ba, misali ne, amma duk wanda ya ji zai gane hoton. Matashi ne ya gama karatu, ya dawo gida da takarda, babu aiki. Da rani yana ɗan taɓa kabu-kabu da babur ɗin yayansa. Sai wani abokin karatunsa ya bugo waya, ya ce akwai wata dama, amma ba a faɗinta a waya, ka shigo Sakkwato ranar Asabar, ka sa kaya masu kyau. Ya je ya tarar da zaure cike da kujerun roba, ga lasifika, ga farin allo. Wani mai kwat ya fito yana kaɗa makullin mota a yatsa. Ya zana da'ira ɗaya a saman allo ya ce wannan kai ne. Ya zana biyu a ƙarƙashinta, ya zana huɗu a ƙarƙashin biyun, har allon ya cika. Ya ce shi ma da ko kuɗin kati ba shi da shi. Ya ce albashi bauta ne. Ya ce kana barci kuɗi na shigowa. Aka yi tafi. Babu wanda ya ɗaga hannu ya tambayi ina za a samo mutanen da za su cika da'irorin layin ƙasa.

Yaro ya dawo gida da zafinsa. Kuɗin rijista, a ce naira dubu 80, ba shi da su. Sai ya zauna gaban mahaifiyarsa ya ce: "Inna, wagga harka ba caca ba ta, kasuwanci na." Ita kuwa ɗanta ne mai ilimi, ta ce: "Allah shi yi albarka," ta ba da tunkiyarta a kai kasuwa. Darasin farko da za a koya masa shi ne ya ɗauki littafi ya rubuta sunan duk wanda ya sani. A nan ne nake son ku buɗe kunne. Wa zai rubuta? Gwaggo, da Kawu, da matar yayansa, da abokan makarantar allo, da surukin gidansu, da malamin da ya koyar da shi a firamare. Kamfani bai san waɗannan mutane ba, kuma da baƙo ne ya zo musu ko ruwa ba za su saya a hannunsa ba. Saboda shi za su saya, saboda kunyar iyayensa. Abin da kamfanin ya samu a wurin yaron nan shi ne amanar da gidansu ya yi shekaru yana tarawa, kuma bai biya ko kwabo a kanta ba. Yaron ne ma ya biya.

Watannin farko abin na tafiya. Mutum shida sun shiga, alat ya shigo, ya ɗauki hoton alat ɗin ya sa a WhatsApp. An kira shi gaban taro an maƙala masa lambar girma, an ce ya hau matakin azurfa, saura zinariya, saura lu'ulu'u. Ya tsaya jikin motar wani ya ɗauki hoto. Yara a gari suka fara ce masa lida. Abin da ba ya faɗa wa kowa shi ne, don ya riƙe matakin dole duk wata ya sayi kaya na wani adadi, ko ya sayar da na baya ko bai sayar ba. Ga kuɗin mota zuwa semina, ga kuɗin data, ga kuɗin zaure in shi ya shirya taro. Leƙa ƙarƙashin gadonsa ka ga kwalaye, wasu har kwanan watan jikinsu ya wuce. Wa zai sayi man goge baki na dubbai a garin da ake sayen na 'yan ɗaruruwa, ga kuma asuwaki kyauta?

Da kaya suka ƙi tafiya, sai baki ya fara ƙari. Shayin da aka ce na ƙarin kuzari ne ya koma maganin hawan jini, da ciwon suga, da basir, da rashin haihuwa. Jama'a, a nan abin ya tashi daga asarar kuɗi ya koma barazana ga rai. Lambar NAFDAC a jikin kwalba ba shaidar cewa abin yana warkar da cuta ba ce. Wanda likita ya ɗora a kan maganin hawan jini ko na suga, kada ya kuskura ya ajiye shi saboda maganar mai talla, ko da ɗan cikinsa ne.

In ya kai kuka wurin na sama da shi, amsar guda ce: ba ka dage ba ne, ka nisanci masu kashe maka gwiwa. Masu kashe gwiwar kuwa su ne ubansa da yayansa da suka ce ya tsaya ya yi lissafi. A ƙarshe mutanen gari sun ƙare, na ƙasa sun daina saye, Gwaggo tana aiko yaro a tambayi kuɗinta. Lida ya fara kashe waya. Ana ɗaurin aure a dangi ba a gan shi ba. Magana ta kai gaban mai gari, wani lokaci har ofishin 'yan sanda. Mai kwat ɗin nan ba zai zo zaman sulhu ba, balle mai kamfani da ke wata ƙasa. Wanda za a zaunar a tabarma shi ne yaron, da ubansa a gefe ya sunkuyar da kai. Ni a ganina lidan ƙauye shi ne ya fi kowa asara a tafiyar nan, don sauran kuɗi suka rasa, shi kuwa ya haɗa da mutunci. Amma wannan bai wanke shi ba. Ranar da ya gane kayan ba sa tafiya, kuma ya ci gaba da jawo mutane don ya fanshe nasa, ranar ya tashi daga wanda aka cuta ya koma mai cuta.

Akwai ma wani salo da ya fi wannan muni, masu zuwa cin rani su kula. A kira matashi a ce an samo masa aiki a Gana ko Kwaddibuwa ko wani birni a kudu, ya turo kuɗin takardu. In ya isa sai ya tarar da gida cike da irinsa, babu aiki, sai dai a ce ya kira 'yan'uwansa su ma su zo.

Ta fuskar addini, malamai sun yi magana. A shekarar 1425 ta Hijira, wato 2004, kwamitin fatawa na dindindin na ƙasar Saudiyya ya fitar da fatawa a kan irin waɗannan kamfanoni, ya ce mu'amalar haramun ce. Hujjarsu ita ce, abin da mai shiga yake nema kason ne, kayan fakewa ce kawai, don haka akwai kuɗin ruwa a ciki, akwai garari, akwai cin dukiyar mutane ba da haƙƙi ba. Sun kuma amsa wa masu cewa ai dillanci ne. Dillali a kara yana karɓar la'ada ne don ya haɗa mai saniya da mai saye, ba ya biyan kowa kuɗi kafin a bar shi ya yi dillanci, kuma ba ya cin la'adar cinikin da bai halarta ba. A Indonisiya kuwa majalisar malamai ta ba da fatawa a 2009 cewa ana iya yi bisa sharuɗɗa masu tsauri: kaya na gaske, farashi ba na zalunci ba, lada kuma ya fito daga ciniki, ba daga jawo mutane ba. Wanda ke shakka ya tafi wurin malaminsa, amma ya kwance masa tsarin duka, har da kuɗin rijista da sayen dole na wata-wata. Kada ya tambaye shi hukuncin sayar da sabulu kawai ya dawo ya ce Malam ya halatta.

Hukuma ma ta farka, ko da yake a makare. A watan Fabrairun 2019 SEC ta rufe ofishin wani kamfani a Kano da ke karɓar kuɗin jama'a da alkawarin riba mai yawa ba tare da izini ba. A watan Maris na 2025 aka sa hannu a sabuwar dokar zuba jari, wadda ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu gudanar da tsarin damfara irin na MMM da masu tallata shi. Wata guda bayan haka, a Afrilun 2025, wata irin wannan harka mai suna CBEX ta rufta da kuɗin mutane, bayan ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, har fusatattu suka fasa ofishinta a Ibadan. Shekara takwas da 'yan watanni ke nan bayan daskarewar MMM, kuma cikin waɗanda ta cinye ba a rasa waɗanda suka ga na farkon da idonsu.

Saboda haka, in ɗanka ko ƙanenka ya zo maka da irin wannan, kada ka zage shi, kada kuma ka miƙa kuɗi don kunya. Zaunar da shi ka tambaye shi: in ban kawo kowa ba, sayar da kayan kaɗai zai ciyar da ni? Ka ce ya nuna maka mutum nawa ne a Jabo suke sayen kayan nan alhali ba su yi rijista ba. Ka tambaye shi ko kamfanin yana karɓar kayan da suka yi kwantai ya maido kuɗi. In kuwa zuba kuɗi ne a jira riba, takardar rijistar kamfani ta CAC ba lasisin karɓar kuɗin jama'a ba ce, a nemi wanda ya iya ya duba ko sunansu na cikin jerin da SEC ta amince da su.

Kai kuma ɗana, ko ƙanena, da ake kira lida, in kana jin muryata, ka ɗauki littafin nan da ka rubuta sunayen mutane, ka juya bayansa ka rubuta duk abin da ka kashe tun ranar da ka shiga, da duk abin da ya shigo. In ka ga faɗuwa ce, ka tsaya a nan, kada ka ƙara jawo ko mutum ɗaya. Ka je wurin waɗanda ka sa a ciki da ƙafarka, tun kafin su aiko, ka gaya musu gaskiya, ku yi yarjejeniyar yadda za ka rage musu asara. Bakin da ka iya shawo kan mutane da shi jari ne, ana neman irinsa a cinikin albasa da shinkafa da dabbobi, inda mai saye zai tafi da abin da ya biya.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau. Wanda ya ji ya isar wa wanda bai ji ba, musamman iyayenmu mata da ke cikin gida, don su ake fara zuwa wa. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. Wassalamu alaikum warahmatullah.

(KIƊAN RUFE SHIRI)